Yadda Ake Zaɓen Ɗan Kwikwiyon Karen Jamus na Aiki a Jos

Karen farko da na saya don gadin gonar kajina da ke hanyar Lamingo, a waya na gan shi. An turo mini hotonsa ta WhatsApp, baƙi wuluk, ƙafafu kamar taɓarya, aka ce ubansa daga Turai aka kawo shi. Na tura kuɗi, aka kawo mini shi a kwali. Yana wata tara na lura in zai yi gudu sai ya haɗa ƙafafun baya biyu ya riƙa tsalle irin na zomo, in ya kwanta kuma tashi sai ya yi ta yunƙuri. Maigadina, dattijo ne da ya yi kiwo tun yana yaro, ya tsaya ya ƙare masa kallo ya ce, "Alhaji, wannan ba faɗuwa ya yi ba, da abinsa ya zo duniya. Ka ga uwarsa kafin ka saya?" Na ce, "Wallahi Baba ban gan ta ba." Hoton ƙashi ya tabbatar da maganarsa: kwatangwalon bai zauna a gurbinsa ba. Tun daga ranar na san cewa wanda zai sayi irin wannan kare, iyayen yake saye, ɗan kwikwiyon kawai shi ake miƙa masa. Ga yadda nake bi yanzu, daki-daki.

Mataki na farko: san jinin da ake tallata maka

Karen Jamus, wanda muke ce wa Alseshan ko karen 'yan sanda, wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, shi ya kafa ƙungiyarsa a 1899, wadda ake taƙaita sunanta da SV. Karen farko da aka yi wa rajista sunansa Horand von Grafrath. Don kiwon tumaki aka fara shi, daga baya ya shiga aikin soja da na 'yan sanda. Da tafiya ta yi tafiya sai irin ya rabu gida biyu. Akwai na nuni, wanda ake kiwo don gasar kyau: jan gashi da baƙin baya, bayan ya gangara, hali mai sanyi-sanyi. Akwai kuma na aiki, wanda bayansa ya fi miƙewa, jikinsa a murɗe, launinsa yawanci toka-toka irin na dila, ko baƙi gaba ɗaya.

Shi ma na aikin ya kasu gida uku. Na Jamus ta Yamma an fi tace shi a filin jarrabawa, yana da zafin nama da son wasa da biyayya. Na Jamus ta Gabas, wanda za ka ji ana ce wa DDR, ya samo asali ne daga lokacin da ƙasar take rabe, 1949 zuwa 1990, ana kiwonsa don sintirin iyaka: babban kai, ƙashi mai kauri, launi mai duhu. Na Cek kuma tushensa gidan kiwon dakarun tsaron iyaka na Cekoslobakiya da aka buɗe a 1955. Yau fiye da shekara 30 ke nan da haɗewar Jamus, jinin nan uku sun cakuɗa sosai. Don haka in mai sayarwa a Bukuru ko Rayfield ya ce maka nasa "DDR ne zalla", kada sunan ya ɗauke maka hankali, nemi ya nuna maka a takarda.

Girma ma abin lura ne. Ma'aunin irin ya ce namiji santimita 60 zuwa 65 a kafaɗa, kilo 30 zuwa 40. Mace santimita 55 zuwa 60, kilo 22 zuwa 32. A nan muna son jin an ce kare "ƙato ne kamar maraƙi". Wanda ya zarce ma'auni da yawa nauyi ne kawai aka ɗora wa gaɓoɓinsa, kuma ba ya jure aiki.

Mataki na biyu: tambayi kanka ko kana da aikin ba shi

Karen aiki ba ya zama haka nan. Yana buƙatar awa ɗaya zuwa biyu kullum na tafiya, gudu, da horo mai sa shi tunani. In aka ɗaure shi da sarƙa a bayan gida tun safe har dare, zai tona ƙasa, ya ci tayar mota, ya yi ta haushi har maƙwabta su kawo ƙara, daga ƙarshe ya ciji wanda bai kamata ba. Mai gona, mai garke, mai gida mai fili da wanda zai tsaya a kansa, shi ya dace. Da yawanmu ma ba a cikin ɗaki muke ajiye kare ba, don tsaro ko kiwo muke riƙe shi, kuma babu laifi a yi masa ɗakinsa a waje, muddin akwai mutum ɗaya da ya san shi yake kuma fita da shi kullum. In ba ka da wannan mutumin, dakata da sayen.

Mataki na uku: je gidan da ƙafarka, ka ga uwar

Kada ka yarda a haɗu a Terminus ko a bakin gidan mai a miƙa maka ɗan kwikwiyo. Je inda aka haife shi. Ka ce a fito da karyar, ka tsaya shiru, kada ka miƙa mata hannu. Karya mai kyakkyawan jini za ta dube ka ido cikin ido, ƙila ta yi haushi biyu ko uku, ta matso ta shinshina ka, in ta ga maigidanta ya saki jiki da kai ita ma ta saki. Wadda za ka guda ita ce mai maƙale wutsiya tsakanin ƙafafu, gashin bayanta a tashe, tana haushi tana ja da baya, ko ta laɓe bayan maigidan. Sau da yawa a nan za a ce maka, "Ka gani ko? Mafaɗaciya ce, ba ta wasa." Wannan tsoro ne, ba jarumta ba. Matsoracin kare shi ne mai cizon yaron da ya shigo ɗaukar ƙwallo, ya kuma gudu ranar da ɓarawo ya tunkaro shi da sanda. Tsoro yana bin jini, sannan 'ya'yan suna ƙara koyonsa a wurin uwa cikin makonnin da suke tare da ita.

Sai ka ce a yi tafiya da ita, a sa ta sassarfa, kai kana kallo ta baya. Ƙafafun bayan su riƙa tafiya a miƙe, ba suna gogar juna ba, ba kuma ƙugun yana rangaji ba. Duba farcen ƙafar baya: in samansu ya goge, tana jan ƙafa. Ka sa a zaunar da ita a tashe ta sau uku ka ga ko tana tashi tsam. Haka za ka yi wa uban. In an ce ba a gidan yake ba, barbara aka kai ta, nemi adireshin ka je. Ka tambayi shekarunta da haihuwa nawa ta yi. Karyar da aka yi wa barbara tun ba ta cika shekara ɗaya da rabi ba, ko ake sa ta haihuwa duk zagayowar lokacinta ba hutu, masu gidan kasuwanci suke yi, ba kiwo ba.

Tambayar da ta fi yi mini amfani ita ce: ina 'ya'yan haihuwar baya? Mai kiwo na gaskiya zai haɗa ka da mutum biyu ko uku da suka saya a wurinsa. Kare ɗan shekara biyu daga uwa da uba ɗaya shi ne madubin abin da naka zai zama. Gani ya kori ji.

Mataki na huɗu: kwatangwalo da gwiwa

Nan ne na ƙone, don haka nan zan fi daɗewa. Kan ƙashin cinya kamar ƙwallo yake, yana zaune cikin wani gurbi a ƙugu. A karen da ya gaji cutar da ake rubutawa HD, gurbin ba shi da zurfi kuma jijiyoyin sun saki, sai ƙashin ya riƙa wasa yana gogewa har ciwon gaɓɓai ya kama. Ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo ta ba, da yawa ne suke haɗuwa, shi ya sa lafiyayyun iyaye ma kan haifi mai ita jefi-jefi, sai dai haɗarin ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ido ba ya isa ya wanke kare daga wannan cuta. Na ga kare mai tsallake katanga wanda hotonsa ya fito da muni, don karen aiki yana danne ciwo saboda zafin zuciyarsa. Hoton ƙashi ne kawai shaida: a yi masa allurar barci, a kwantar da shi rigingine, a miƙe ƙafafun baya, a ɗauka.

In iyayen daga waje aka shigo da su, sakamakon yana kan takardarsu. Ƙungiyar SV tana ɗaukar hoton daga wata 12, kuma za ka ga ɗaya daga kalmomin nan na Jamusanci: normal, wato lafiya ƙalau, fast normal, kusa da haka, noch zugelassen, an dai lamunta da ƙyar. Ƙasa da nan ba a yarda a yi barbara da shi ba. Wasu ƙasashen Turai haruffa suke sawa, A zuwa E, inda A da B ne masu kyau. A Amurka hukumar OFA ba ta ba da shaidar ƙarshe sai kare ya cika wata 24. Akwai kuma wata lamba mai suna ZW da Jamusawa ke lissafawa daga sakamakon dangin karen gaba ɗaya: 100 shi ne tsaka-tsaki, ƙasa da 100 ya fi kyau. Gwiwar ƙafar gaba ma tana da nata ma'aunin, ED, daga 0 zuwa 3, kuma 0 kake nema.

Yawancin karnukan da aka haifa a nan ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da nake yi shi ne in ce wa mai kiwon mu kai uwar da uban a ɗauki hoton, ko da ni zan biya rabi. Mu a Jos Allah ya hutar da mu: ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom, wadda take nan tun 1924, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Jos, ga likitoci masu zaman kansu. Fara tambaya daga nan inda za a yi maka hoton da wanda zai karanta shi. Wanda ya ƙi yarda a ɗauki hoton karensa, ya riga ya ba ka amsa.

Mataki na biyar: cututtukan da suke ɓuya a jini

Akwai cutar laka da ake rubutawa DM. Ba ta bayyana sai kare ya kai wajen shekara takwas, ta fara da jan ƙafar baya ba tare da ciwo ba, a hankali har bayan ya shanye, kuma ba ta da magani. A 2009 masu bincike suka danganta ta da wata ƙwayar gado mai suna SOD1, yanzu kuma ana gwada ta da ɗan auduga da ake goga wa cikin kumatun kare a aika ɗakin gwaji a waje. Sakamakon iri uku ne: wanda ba shi da ita, mai ɗauke da guda, da mai biyu. Lissafin daidai yake da na sikila da muka sani wajen aure: in mai ɗauke da guda ya haɗu da mai ɗauke da guda, kowane ɗa yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na gadon biyu. In ɗaya daga iyayen ba shi da ita sam, babu ɗan da zai gaji biyu. Ba duk mai biyu ne yake kamuwa ba, amma ni ba zan saye shi ina sane ba.

Sauran ba duka ake gwadawa da auduga ba, tambaya ce da lura. Tambayi ko a dangin an taɓa samun mai ci kamar ba gobe amma yana ramewa, kashinsa tuli guda, fari-fari mai maiƙo. Wannan gazawar pankiriyas ce, gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci, kuma karen Jamus ya yi suna da ita. Mai ita sai an riƙa zuba masa garin magani a abinci har ƙarshen ransa. Tambayi ko an taɓa samun wanda cikinsa ya kumbura farat ɗaya ya murɗe ya mutu cikin sa'o'i. Tambayi farfaɗiya, da namijin da jininsa ba ya tsayawa in ya ji rauni, wanda ta wajen uwa ake gadonsa.

Guda biyu sun shafe mu musamman. Ta farko cutar ido ce da likitoci ke kira panus: wani jan nama yana tasowa daga gefen ido na waje yana rufe baƙin, daga baya ya yi duhu. Irin nan yana gadon saurin kamuwa da ita, hasken rana a wuri mai tudu kuma yana tsananta ta, ga shi Jos tana kan tudu wajen mita 1,200. Ka buɗe idon uwa da uba a haske ka duba da kyau. Ta biyu cutar kaska ce, Erlikiya, wadda ta fi yi wa karen Jamus illa fiye da yawancin karnuka. Ta hallaka karnukan sojan Amurka da yawa a yaƙin Biyetnam. Alamarta zazzaɓi, dasashi ya yi fari, da haɓo. Karen gida na unguwa zai iya yawo da kaska ya rayu, wannan kuwa cutar tana iya kashe shi. In ka ga kaska a kunnen 'yan kwikwiyon ko a tsagar bangon ɗakinsu, ka san abin da za ka kai gida.

Mataki na shida: karanta takardar asali

Takarda ba ta da wuyar bugawa a shagon kwamfuta. In an ce karen shigo da shi aka yi, yana da ɗan guntun na'ura a ƙarƙashin fata mai lamba 15. Likita ya karanta ta, ka gwada da wadda ke kan takardar. Sannan ka nemi sunan a shafukan intanet irin su Pedigree Database da working-dog ka ga ko hoto da launi da ranar haihuwa sun yi daidai. Haruffan IGP 1, 2 ko 3 a gaban suna suna nufin karen ya ci jarrabawar bin sawu, biyayya da kariya. A tsofaffin takardu za ka ga SchH ko IPO, don sai a 2019 aka koma IGP. Na Cek kan ɗauki ZVV. In kakanni na huɗu ne kawai suke da su, iyaye da kakanni na kusa babu, to jinin aikin ya yi nisa.

Duba ko suna ɗaya yana maimaituwa ta wajen uwa da ta wajen uba a kusa-kusa. Karnukan kirki da ake da su a ƙasar nan ba su da yawa, sai ka tarar an haɗa uba da 'yarsa ko wa da ƙanwa. A nan ne cututtukan da suka ɓuya suke haɗuwa su fito.

Mataki na bakwai: zaɓi daga cikin 'ya'yan

Je suna da mako bakwai, da safe kafin a ba su abinci, kada kuma ka ɗauke shi kafin mako takwas. Tafi da tsumma mai tsabta, murfin tukunya, da 'yar dafaffiyar hanta. A fito da su ɗaya-ɗaya zuwa wurin da ba su saba ba. Tsuguna ka tafa hannu ka ga wa zai zo da wutsiya a sama. Ja tsumman a ƙasa: na aiki zai bi shi, ya cafke da cikakken baki har dasashi, ya ja da baya yana riƙe. Sai ka saki murfin tukunyar a siminti, taku huɗu daga inda yake. Kowane zai firgita, wannan ba laifi ba ne. Abin da kake kallo shi ne bayan firgitar: wanda ya juyo cikin daƙiƙu ya je ya shinshina murfin, shi ne naka. Wanda ya shige ƙarƙashin mota ya ƙi fitowa, bar shi, ko ya fi kowa kyau. Watsa hantar cikin ciyawa ka ga wa zai sa hanci ya nace har ya samo.

Ba lalle ka ɗauki wanda ya fi kowa zafi ba. Mai danne 'yan'uwansa, mai gurnani in an taɓa tsummansa, na gwani ne. Gida mai yara na tsakiya ya fi dacewa da shi.

Daga nan jiki: dasashi ja-ja, ido garau, cibiya ba ƙullutu, haƙoran sama su ɗan hau kan na ƙasa kamar almakashi, namiji kuma a taɓa a ji 'ya'yan marainansa biyu. Tsaya a ba su abinci a gabanka. Wanda abinci ke dawo masa ba tare da yunƙurin amai ba, maƙoshinsa na iya zama a buɗe, kuma irin nan yana gadon haka. Kunne kada ya dame ka, sai wajen wata huɗu zuwa shida yake tsayawa. Karɓi katin rigakafi mai sa hannun likita da takardar kwalbar a manne: allurar farko a mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako uku ko huɗu har mako 16, ta haukan kare a wata uku. Cutar fabo mai zawon jini tana kashe 'yan kwikwiyo sosai a garin nan, kada ya taka titi kafin ya gama.

Mataki na takwas: kada ka ɓata abin da ya gada

Kwatangwalo mai kyau ma ana iya lalata shi a shekarar farko. Babban kuskurenmu shi ne ɗura: a yi ta tura abinci, a ƙara da garin kalsiyam da allurai don ya yi girma da wuri. Saurin girma da ƙiba su ne abokan HD. A Amurka an bi karnuka 48 irin Labrador tsawon rayuwarsu, waɗanda aka rage wa kashi 25 cikin 100 na abinci suka fi jinkirin kamuwa da ciwon gaɓɓai, suka kuma fi daɗewa da kusan shekara biyu. Ka riƙa jin haƙarƙarinsa da tafin hannu ba tare da dannawa ba. Kada ya girma a kan tayil mai santsi, kada a sa shi tsalle daga bayan mota ko bin babur kafin ya cika shekara. In ya girma, raba abincin sau biyu a rana, kada ya yi gudu da cikakken ciki. Ragowar miya mai albasa da dafaffen ƙashi ba nasa ba ne. Maganin kaska kuwa daga hannun likita, duk wata ko yadda ya tsara, musamman da damina.

Kafin ya cika wata huɗu ya ga duniya ta hanyar da ba za ta sa shi cuta ba: ƙarar janareta, Keke Napep, mai babbar riga, mai hijabi, yara, awaki, kaji. Ɗauke shi a mota ko a hannu ya gani. Kada ka bari wani ya ce zai "sa masa zafi" da duka ko barkono ko kulle shi a duhu. Tsaro yana cikin jininsa, zai fito da kansa in ya balaga.

In ya cika wata 12 kai ma ka ɗauki hoton kwatangwalo da gwiwarsa, ka kai wa mai kiwon sakamakon, mai kyau ne ko marar kyau, don ya san abin da karnukansa ke haifarwa. In bai fito da kyau ba, kada ka ba da shi barbara ko nawa aka taya. Nawa na farko mutum uku suka zo neman irinsa saboda baƙin nan nasa, na hana. Da ya wuce shekara likita ya fiɗiye shi, muka rage masa nauyi, muka shimfiɗa masa katako da buhu saboda sanyin Disamba. Yana nan a bakin ƙofar gona tare da Baba, shi ke fara jin motsi da dare, ƙaramar da na saya bayansa ita ke zagayen shinge.